Idan aka sauya shugaba, ina makomar baƙo da takardunsa?

Daga Garwa zuwa Marwa a arewacin Kamaru, daga Kuseri a haye gadar Ngeli zuwa Njamena a Cadi, da wuya ka sami gidan Bahaushe da ba shi da wani a wata ƙasa. Shi ya sa zaɓe ko juyin mulki a can yakan tayar da tambayoyi a nan.

Sabon shugaba zai iya soke dokar shige da fice da ya tarar?

Ya danganta da inda dokar ta fito. Wadda majalisa ta zartar, kamar dokar Kamaru ta 1997 kan shigowar baƙi da zamansu da fitarsu, sai an koma majalisa kafin a taɓa ta. Amma umarnin da shugaba ya sa wa hannu shi kaɗai, magajinsa zai iya shafe shi ranar da ya hau. Kuma yawancin abin da ke taɓa matafiyi, wato wa za a ba biza, wace iyaka za a rufe, wa za a kora, a wannan kashi na biyu yake.

'Yan Cadi sun ga haka da idonsu. A Satumban 2017 Donald Trump ya sa Cadi cikin ƙasashen da aka hana mutanensu shiga Amurka, alhali sojojinta na fafatawa da Boko Haram. A Afrilun 2018 ya cire ta. Joe Biden ya soke tsarin baki ɗaya ranar 20 ga Janairun 2021, ranarsa ta farko a ofis. Trump ya dawo, a Yunin 2025 Cadi ta sake shiga jerin ƙasashe 12, wannan karon bisa hujjar cewa mutanenta da yawa na wuce wa'adin bizarsu. Shugaba Mahamat Idriss Déby bai ɓata lokaci ba, ya dakatar da ba Amurkawa biza. Duk wannan kai-komo, majalisar Amurka ba ta yi sabuwar doka a kai ba.

To wanda ya riga ya shiga fa, za a koro shi?

A duba abin da ke hannunsa. Umarnin Yunin 2025 bai shafi mai katin zama na dindindin ba, haka wanda bizarsa ke aiki a lokacin. Waɗanda suka shiga tsaka mai wuya su ne masu izinin wucin gadi. Gwamnatin Biden ta ba 'yan Kamaru da ke Amurka irin wannan izini, wanda ake kira TPS, a 2022, saboda rikicin yankin masu magana da Ingilishi da hare-haren Arewa Mai Nisa. Gwamnatin da ta gaje ta ta soke shi a 2025. Rikicin bai ƙare ba, mai sa hannu ne ya canza. Ni dai a ganina, duk takardar da aka rubuta wa "na wucin gadi" kayan aro ce, ba a gina gida a kanta.

Amurka ta yi nisa. Maƙwabtanmu fa?

A nan ne ma abin ya fi ciwo, don ciniki da zumunci ke tsayawa. Dattawa ba su manta 1983 ba, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Najeriya. An fi ambaton 'yan Ghana, amma har da 'yan Cadi da Kamaru da Nijar. Janar Buhari ya karɓi mulki, ya rufe iyakoki a 1984, ya sake korar baƙi a 1985, ba a buɗe ba sai 1986 a zamanin Babangida. Da Buhari ya dawo a farar hula ya sake rufe su daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Sauyin kan zo da sassauci ma. Nijar ta yi doka a 2015 wadda ta haramta safarar baƙin haure, direbobin Agadas da yawa suka sha ɗauri. Bayan juyin mulkin Janar Tiani aka soke ta a Nuwamban 2023. Sai dai soke doka bai rage wa Sahara ƙishirwa ba, bai kuma gyara Libiya ba.

Zirga-zirga tsakanin Kamaru da Cadi za ta iya canzawa?

Da wuya ta canza a takarda. Yarjejeniyar CEMAC ce, wato ƙungiyar tattalin arziki ta ƙasashe 6 na Afirka ta Tsakiya, wadda aka amince a aiwatar a 2017: ɗan ƙungiyar na shiga ba biza, ya zauna har kwana 90. An yi sauyin mulki a Cadi a 2021 bayan rasuwar Idriss Déby, ba ta motsa ba. Abin da jandarma ke nema a shinge kuwa, wannan wani zance ne daban.

'Yan gudun hijira fa?

Kariyarsu ta fi ƙarfi, domin Kamaru na da dokar 2005, Cadi na da ta 2020, kuma duka biyun sun sa hannu a yarjejeniyar duniya da ta hana mayar da mutum inda ake farautar ransa. Mutanen sansanin Minawawo kusa da Mokolo a Kamaru, da 'yan Sudan da ke kwarara ta Adre a gabashin Cadi tun Afrilun 2023, a ƙarƙashinta suke. Inda siyasa ke cizonsu shi ne abinci: da Amurka ta zaftare tallafin da take bayarwa a 2025, sansanoni suka ji a jikinsu.

Ni haifaffen nan ne, me ya shafe ni?

Ya shafe ka idan ba ka da shaida. Bahaushen da kakansa ya zauna Garwa tun zamanin Jamus, in ba shi da takardar haihuwa, a shinge ɗan Najeriya za a ce da shi, kuma lokacin da gwamnati ta matsa wa baƙi ne ake yawan wannan tambaya. Wanda ba a yi masa rajista yana jariri ba, kotu ke ba shi hukuncin da zai maye gurbinta, daga nan ya nemi katin ɗan ƙasa. Mai shirin karɓar fasfon wata ƙasa kuma ya sani cewa dokar Kamaru ta 1968 ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba: in ya karɓi waccan da son ransa, ya saki wannan, kuma da biza zai zo gaida iyayensa.