Waiwaye: Daga kurkukun Kartej zuwa maɓoyar Amstadam

In ana zancen macen da ta rubuta halin da take ciki tana tsare, Anne Frank kowa zai kira, amma fa abin ya daɗe sosai. Tun a shekara ta 203 akwai Perpetua, 'yar gidan masu hali a birnin Kartej, Tunisiya ta yau kenan, shekarunta kamar 22 da goyo a hannu, Rumawa suka kama ta don ta karɓi Kiristanci. A tsaren ta rubuta komai, duhu da zafi da cunkoso, da yadda hankalinta bai kwanta ba sai da aka bar mata jaririnta a wurinta. Inda ya fi taɓa ni shi ne mahaifinta, dattijo da furfurarsa yana zuwa yana kuka yana roƙonta ta janye, ita kuma ta taɓa nuna masa wani tulu ta ce ai ba a kiran tulu da wani suna, haka ita ma. Tare da ita akwai baiwa Felisitas mai cikin wata 8, a kurkukun ta haihu ana saura 'yan kwanaki a kai su filin wasa a sakar musu dabbobi. Perpetua ta tsaya da rubutu ana gobe za a kashe su, wani ne ya ƙarasa labarin. Har yau coci na tuna su duk 7 ga Maris.

Sai bayan shekara 1,700 da ɗoriya ga Anne, Bayahudiya 'yar 13 da aka ba kyautar littafin rubutu a watan Yunin 1942, wata bai cika ba suka ɓuya a bayan ofishin babanta a Amstadam, babban birnin Holan, saboda 'yan Nazi na Jamus da ke farautar Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu. A Maris na 1944 ta ji wani ministan Holan a rediyo daga Landan yana cewa mutane su adana rubuce-rubucensu na lokacin yaƙi, sai ta zauna tana gyara nata da niyyar a buga, yarinyar nan da gaske take wallahi. Rubutunta na ƙarshe 1 ga Agusta, ran 4 aka zo aka kwashe su, ta rasu a sansanin tsare mutane na Bergen-Belsen da ke Jamus a farkon 1945.

Miep Gies, ma'aikaciyar ofishin da ke kai musu abinci, ita ta tsince takardun a ƙasa ta zuba a durowa ko karantawa ba ta yi ba, jira take yarinyar ta dawo. Da labarin rasuwar ya tabbata ta miƙa wa uban, Otto, aka buga a 1947.