Ma'anar ƙuduri da yadda ake riƙe shi

A ƙarshen Disamba, da shigowar Muharram, da kuma daf da azumi, kalmar ƙuduri takan yawaita a bakin mutane da shafukan Facebook. A labarai ma ana jin ta: ƙudurin doka, ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya. Asalinta daga ƙudura ne, wato ɗaure abu tam, kamar yadda tsohuwa ke ƙudure 'yan canjinta a haɓar zani don kada su zube a kasuwa. Ƙuduri shi ne burin da aka ɗaure da adadi, da lokaci, da wuri.

Ana yawan gauraya shi da fata da buri. "Allah ya sa in haddace Alƙur'ani" fata ne. "Ina so in haddace kafin in kai shekara 40" buri ne, ya sami iyaka amma bai sami hanya ba. Wanda ya ce "rabin shafi kullum bayan sallar asuba, a masallaci kafin in fita kasuwa, in kai wa malam hadda ranar Laraba", shi ne ya ƙudura.

Bari mu tsaya kan haddar, domin lissafinta a fili yake. Mus'hafin Madina shafi 604 ne, galibin shafukan layi 15. Rabin shafi kullum zai ci kwana 1,208, kusan shekara 3 da wata 4 ke nan ba hutu. In za a huta Alhamis da Juma'a kamar yadda makarantun allo suka saba, ya koma kusan shekara 4 da wata 8. Da yawa ba sa yin wannan lissafin tun farko. Sai mutum ya sa wa ransa shekara guda, wata 6 ya wuce ya ga bai kai ko'ina ba, ya yanke cewa ba shi da kai. Kansa lafiya lau, lissafin ne ya ci shi. Kuma tishi na da nasa lokaci: kafin a ɗora sabon rabin shafi, a bi shafi 5 na baya, in ba haka ba ana zuba ruwa ne a kwando.

A tarukan horar da matasa za a ji ana ambaton SMART, tsarin da George Doran ya fara rubutawa a 1981 domin manajojin kamfanoni. A yadda ake koyar da shi yau, ana son buri ya zama takamaimai, mai aunuwa, mai yiwuwa, mai amfani ga mai shi, kuma mai wa'adi. Yana da kyau, sai dai ya fi taimakawa wajen tsarawa. Wajen riƙewa, abin da masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya bayyana a 1999 ya fi aiki: ka yanke tun yanzu abin da za ka yi idan cikas ya zo. "Idan na makara da asuba, to bayan magariba, kafin in taɓa waya." An gama shawara tun kafin gajiya ta zo ta sa baki.

Babban abin da ke kwance ƙuduri shi ne ramuwa. Mutum ya tsallake kwana 3 saboda biki ko zazzaɓi, a rana ta huɗu ya ce sai ya haɗa shafi 2. Ba su zauna ba, ya ji kunyar malam, ya ƙi zuwa ranar Laraba, daga nan shiru. Dabarar ita ce a ci gaba daga inda aka tsaya, a matsar da wa'adin da kwana 3. A kuma ware mafi ƙarancin abin da ba a fasawa ko ana kan tafiya, ko da layi 3 ne, don kada zaren ya tsinke.

Ɗaukar ƙuduri 4 ko 5 a lokaci guda ma na kayarwa. Ɗaya ya isa, sai ya zama jiki a ƙara.

Akwai kuma kuskuren ɗaure ƙuduri da abin da ba ya hannunka. Maki 300 a JAMB buri ne. Awa 2 na tsofaffin tambayoyi kowane dare shi ne ƙudurin. Haka a harkar kuɗi. Mai son keken ɗinki, a ce farashinsa naira 120,000, za ta iya shiga adashen mutum 12 da zubin 10,000 duk mako. Amfanin adashe shi ne akwai idon uwar adashe da na sauran 'yan zubi, ba a fashi cikin sauƙi. Amma farashi ba ya jira, don haka ta riƙa tambayar kuɗin keken duk ƙarshen wata, in ya tashi ta ƙara ajiyar gefe tun kafin ranar kwasa.

A rataye kalanda inda ido zai riƙa kai masa, a ja layi a kan duk ranar da aka cika. Ranar Juma'a a ƙirga layukan makon. In sun gaza 3 har mako biyu a jere, adadin ya yi yawa ko lokacin bai dace ba, sai a rage ko a sauya sa'a.