Obalandin: me ake nufi da shi, kuma me yasa ake wa mota duk wannan gyaran?

In kana yawan kallon bidiyon motoci a YouTube ko Instagram, da wuya ace baka taɓa cin karo da wata Land Cruiser ko Hilux da aka ɗaga ta sama ba, ga tanti a bisa rufi, ga jarkoki jere a baya, ga wani baƙin bututu da ya hau ta gefen gilashin gaba, fitilu kuwa ba'a magana. Sai kaji masu motar suna cewa wai obalandin suke yi.

Toh abin da ake nufi shine doguwar tafiya ta ƙasa a cikin motarka, kana bin hanyoyin da babu otal, babu gidan mai kusa, babu bakanike, kaine zaka ɗauki ruwanka da manka da makwancinka da kayan gyaranka, tafiyar kwanaki ce ko makonni, wasu ma har shekara suke suna tsallaka ƙasashe. Ya bambanta da wasan nan da ake fita da safe a hau duwatsu a kutsa cikin taɓo a dawo gida da yamma a wanke mota. Mai wancan wasan so yake ya ga iya ƙarfin motarsa, in ta lalace ma a jawo ta gida. Shi kuwa mai obalandin lallaɓa motar yake, domin itace gidansa itace kuma hanyar komawarsa, in akwai hanya mai sauƙi ita zai bi ba kunya.

Asalin kalmar daga Ostireliya ta fito, da ita ake kiran aikin masu kora garken shanu ɗaruruwan kilomita ta cikin daji. Ɗaya daga cikin waɗannan burtalai, wanda Alfred Canning ya fara aunawa a 1906, yana da tsawon kilomita kusan 1,850 da rijiyoyi 51 a kansa, yau shanu basa bi, masu fowil, wato motocin da tayoyinsu huɗu duka ke ja, su ne suka gaje shi. A 1955 kuma wasu ɗalibai shida daga jami'o'in Oxford da Cambridge suka tashi daga Landan a ƙananan Land Rover guda biyu masu injin lita 2, basu isa Singafo ba sai a 1956. Ka riƙe wannan a ranka, injin lita 2 ne fa.

Yanzu sai maganar gyaran motar, kuma anan ne mutane suke fara abu daga ƙarshe. Kafin ka sayi komai, buɗe ƙofar direba ko ka duba littafin motar, akwai lambar da kamfani ya rubuta na iya nauyin da motar za ta kai gaba ɗaya, ita da duk abin da ke cikinta. In ka cire nauyin motar zalla, abin da ya rage shine rabonka. Manyan jif-jif ɗin nan da muke gani kamar zasu ɗauki duniya, da yawansu rabon nan bai fi kilo 600 zuwa 750 ba, su akori-kura irin Hilux sukan kai wajen tan ɗaya. To lissafa mana. Mutum biyu kilo 150. Bambar ƙarfe ta gaba da winci a jikinta, wato na'urar da ke naɗe igiya ta jawo mota in ta kafe, wajen 90. Tantin rufi 65. Firiji da kayan cikinsa 40, batir na biyu 30, ruwa lita 60 kilo 60 kenan tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka biyu na mai masu lita 20 sun haura 40, safayar taya ta biyu 35, durowoyin da ake kafawa a baya 70. Kaga ka doshi 580 baka saka ko sifana ɗaya ba, balle kayan sawa da na girki. Mota in tayi nauyi fiye da ƙima birki baya kamawa da wuri, shokozoba yana zafi ya mutu, taya tana fashewa, shan mai ya ƙaru, a rairayi kuma nutsewa take. Yawancin abin da yake karyewa a irin wannan tafiya, in ka bi diddigi nauyi ne ya karya shi.

Shi yasa ni a ganina in kuɗinka na abu ɗaya ne, taya zaka saya. Ana samun mai ƙananan zane ta kwalta, da ta tsakiya wadda ake rubuta AT a jikinta, da ta taɓo mai manyan haƙora da ake rubuta MT. Ta taɓon tafi kyan gani a hoto, amma tana da ƙara a kwalta, tana cinyewa da wuri, kuma gaskiyar magana ita ce kaso mafi yawa na kowace doguwar tafiya akan kwalta da tsakuwa ake yinsa. AT mai kaurin gefe ta isa. Sannan ka zaɓi sayis ɗin da ake samu ko'ina, in ka ɗaura wata ƙatuwar taya inci 35 ta fashe maka a wata ƙasa, nemo irinta aiki ne ja. Babbar taya kuma tana sa injin ya yi nauyin ja, tana sa mitar gudu ta riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da kake.

Abin da yafi tayar kanta muhimmanci shine iskar cikinta. A kwalta kana iya tafiya da 35 ko sama a ma'aunin iska na PSI, amma da ka shiga rairayi sai ka sauka ka rage zuwa wajen 18 ko ma 15, tayar sai ta baje, wurin da take taka ƙasa ya ƙara tsawo, motar da ɗazu take tona wa kanta rami sai kaga ta taso tana tafiya sumul. Sharaɗin shine kar kayi gudu, kar ka murɗa sitiyari da ƙarfi, don tayar tana iya zamewa daga rim. Kuma dole ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta, in ba haka ba zata yi zafi ta fashe. Kenan famfon iska mai aiki da batir da ma'aunin iska da kayan faci sun riga winci shiga mota.

Ɗaga mota kuwa akwai abin da ba'a cika faɗa ba. In ka canza sifirin da shokozoba motar ta tashi inci 2, bodi ne ya tashi, amma a motar da ke da miƙaƙƙen aksil, wannan ƙullutun na tsakiyar aksil yana nan inda yake, tsayin taya ne kaɗai yake ɗaga shi. Amfanin canza sifirin na gaskiya shine ya ɗauki kayan da ka lafta ba tare da bayan motar ya zauna ba. Inci 2 ya wadatar. In ka wuce nan ka fara takura jiyon-jiyon ƙafa da farfela, motar kuma ta zama mai saurin tangaɗi a kwana.

Fowil ɗin kanta ma sai an san ta. A motocin da kai kake saka fowil da hannunka, ba'a barinta a ciki akan busasshiyar kwalta, domin tayoyin gaba da na baya basa juyawa daidai a kwana, kuma babu abin da zai raba musu, sai ƙarfen ya riƙa murɗewa har wani abu ya karye. Giyar lo kuma tana rage gudu ta ninka ƙarfin ja sau biyu ko fiye, da ita ake hawa tudu mai duwatsu, da ita ake gangarowa ba tare da an ƙona birki ba. Sai dif-lok. A ƙa'ida in taya ɗaya ta rataye a iska ko ta faɗa santsi, ita zata yi ta walwala a banza, 'yar uwarta da ke kan ƙasa mai kyau ta tsaya cak. Dif-lok yana ɗaure su su juya tare. Na baya shi yafi amfani, kuma da ka fita daga wurin sai ka cire shi.

Wancan baƙin bututun sunansa sinokel. Yana ɗaga bakin da injin ke shaƙar iska zuwa saitin rufi, inda ƙura tafi ƙaranci, kuma ruwa bazai shiga ba in ana tsallaka rafi. Ruwa baya matsuwa kamar iska, ko kaɗan ne ya shiga silinda sai ya lanƙwasa sandar fistin, injin ya tashi aiki. Amma fa sinokel bai mayar da mota jirgin ruwa ba, kwamfutar motar da wayoyinta suna ƙasa, aksil da giyabos ma suna da ɗan ƙofar numfashi da ke zuƙar ruwa in ƙarfe mai zafi ya shiga ruwan sanyi, shi yasa masu sani suke jan musu siririn tiyo zuwa sama.

In mota ta kafe, shebur da allunan nan masu ƙuraje da ake cusawa ƙarƙashin taya sune suke fidda mutum mafi yawan lokuta. Winci yana da kyau in akwai bishiya ko wata motar da za'a ɗaura, a fili fetal kuwa sai dai ka haƙa rami ka binne safaya ka ɗaura a jikinta. Ana so ƙarfinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na nauyin motar da kayanta. Abu ɗaya da bana so kowa ya manta, kada a taɓa ɗaura igiyar fizga a jikin ƙwallon nan na jan tirela. Ba don fizga akayi shi ba, yana tsinkewa ya taho kamar harsashi, kuma ya kashe mutane ba sau ɗaya ba. Akwai maƙalai na musamman da ake ɗaurewa a jikin shasi, su ake amfani dasu, 'yan kallo kuma su matsa nesa.

Batir na biyu aikinsa ya riƙe firiji da fitilun zango da cajin waya, a raba shi da na tada mota ta yadda ko ya ƙare da dare, da safe mota zata tashi. Injin ne ke cika shi in ana tafiya, sola kuma in an yada zango. Rufi kuma lambarsa daban, motoci da yawa kilo 75 zuwa 100 kawai aka yarda a ɗora musu ana tafiya, har da nauyin kariyar ɗora kayan ita kanta. Tanti kaɗai ya kusa cinye wannan, amma sai kaga an ƙara jarkokin mai da taya a sama. Kaya masu nauyi ƙasa ake sa su, tsakanin tayoyin gaba da na baya.

Zaɓen motar ma wannan tunanin ne. Dalilin da yasa Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984, da Hilux da Nissan Patrol suka yi suna a wannan harka ba wai sunfi kowa daɗin zama bane, wallahi wasunsu jijjiga ce zalla. Kayan gyaransu ne ake samu a ƙasashe da yawa, kuma bakanike ya san cikinsu. Duk wani ƙarfen da ka canza zuwa na musamman, ka rage yawan wuraren da zasu iya gyara maka shi.

In ka gama haɗa komai, cika tanki, cika ruwa, kowa ya shiga ya zauna, ka kai motar sikelin manyan motoci. Ka auna ta gaba ɗaya, sannan ka auna gaba daban baya daban, domin kowane aksil yana da tashi lambar, kuma sau da yawa na baya ne yake wuce ƙima tun jimillar bata kai ba.