Me ake nufi da rashin haihuwar bazara a raguna?

Idan likitocin dabbobi suka ce rago ya gamu da rashin haihuwar bazara, ba wata cuta mai yaɗuwa suke nufi ba, ba kuma cewa suke ragon ya tashi aiki har abada ba. Abin da ya faru shi ne zafi ya yi wa marainansa yawa na wasu kwanaki, ƙwayoyin maniyyin da jiki ke cikin haɗawa a lokacin suka lalace, sai ragon ya shafe makonni yana hawan tumaki amma ciki ba ya shiga. A ido lafiyarsa ƙalau. Yana ci, yana tuƙa, yana karo da 'yan uwansa, wani lokaci ko sha'awarsa ba ta ragu ba. Shi ya sa matsalar take shammatar masu kiwo, har da waɗanda suka daɗe a harkar.

Tushen abin yana cikin halittar ragon. Zafin jikinsa idan yana da lafiya yana kusan digiri 39 a ma'aunin Salshiyas, amma maraina ba sa iya aiki a wannan zafin. Sai sun fi sauran jiki sanyi da wajen digiri huɗu zuwa biyar kafin su ba da iri mai kyau, dalilin da ya sa suke rataye a waje cikin jakarsu ke nan. Ragon da marainansa biyu suka maƙale a ciki tun haihuwa ba su sauko ba, zai girma, zai bi tumaki, zai hau, amma ba za a ga ɗansa ba. A ƙasashe irin su Niyu Zilan har da gangan ake tura marainan ɗan rago sama su manne da ciki, a ɗaure jakar da zoben roba. Ɗan ragon ya ci gaba da girma kamar wanda ba a dandaƙe ba, amma galibi ba ya iya ba da ciki. Ɗumin jikinsa kaɗai ya gama aikin.

Jiki yana da dabarun sanyaya wurin. Fatar jakar siririya ce, tana fitar da gumi sosai. Akwai tsokar da ke janyo maraina kusa da jiki idan ana sanyi, ta sake su idan zafi ya taso. Duk wanda ya tsaya ya kalli rago da tsakar rana a kwanakin zafi zai ga jakar ta saki, ta yi tsawo, tana lilo tsakanin ƙafafunsa. Da asuba kuwa ta takure ta yamushe. Dabarar da ta fi burge ni tana can ciki inda ido ba ya kaiwa. Jijiyar da ke kawo jini mai ɗumi daga ciki ba miƙewa take yi ba, murɗe-murɗe take yi a wuyan jakar, ƙananan jijiyoyi masu mayar da jinin da ya huce kuma sun nannaɗe ta kamar yadda igiya ke nannaɗe turke. Kafin jinin ya sauka ya isa maraina, ya riga ya miƙa wa mai komawa yawancin zafinsa. Tun a shekarun 1960 masu bincike suka nuna cewa idan aka ɗumama jakar rago ita kaɗai, sai ya kama haki ko da sauran jikinsa bai ji zafi ba.

Amma duk waɗannan dabaru suna da iyaka. Idan zafin iska ya haura digiri 32 ya zauna kwana da kwanaki, ko ya kai 38 ko da na ɗan lokaci ne, sai su fara gazawa. Abin ya fi muni idan iska tana da laima, domin gumi ba ya bushewa, kuma gumin da bai bushe ba bai sanyaya komai ba. Haka nan idan dare bai yi sanyi ba. Ragon da ya sha rana amma ya samu dare mai iska yakan farfaɗo kafin gari ya waye. Wanda ya kwana yana haki a ɗaki mai rufin kwano, a cunkushe da wasu, shi ne ke shiga wahala.

Abin da ya fi kamata mai kiwo ya riƙe shi ne lissafin kwanaki. Haɗa ƙwayar maniyyi a jikin rago yana ɗaukar kwana 47 zuwa 49. Daga nan ta shiga wani dogon siririn bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke manne da maraina, ta yi kusan mako biyu tana ratsa shi, a nan take nuna har ta iya iyo. A haɗe, wata biyu ke nan. Zafi kuwa ba waɗanda suka riga suka nuna ya fi yi wa illa ba, waɗanda ke tsakiyar hanya, suna cikin rarrabuwa, su ya fi kamawa. Don haka a makon da ake tsananin zafin, da wanda ke biye, ragon yana iya ba da ciki lafiya lau da abin da ya tara tun da. Sai bayan mako biyu ko uku, lokacin da kowa ya manta da zafin, wataƙila ma ruwa ya sauka gari ya yi daɗi, sannan lalatattun suke isowa. Kuma ba za a ga ya dawo daidai ba sai sabbin da aka faro bayan zafin sun kammala nasu zagayen, mako shida zuwa takwas, wani lokaci fiye.

Idan aka ɗiga maniyyin irin wannan rago a gilashi aka duba da madubin likita, bambancin a bayyane yake. Na rago mai lafiya kauri gare shi, ana ganinsa yana juyawa yana tafasa saboda yawan ƙwayoyi masu motsi. Na wanda zafi ya taɓa ya tsinke, ƙwayoyin sun ragu, da yawa a kwance ba motsi, wasu kai ya rabu da wutsiya, wasu wutsiyar ta naɗe. Akwai kuma ɓarnar da madubi ba ya nunawa: ƙwayar tana iyo, ta kai ga ƙwan tunkiya, cikin ya shiga, amma saboda sinadarin gadon da ke cikinta ya taɓu, sai ɗan tayin ya mutu a kwanakin farko ba tare da kowa ya ga alamar ɓari ba.

A garke, alamar farko ita ce tumaki su riƙa dawowa neman rago. Tunkiya takan nemi barbara duk bayan kwana 17 idan ba ta ɗauka ba. Idan ɗaya ce ko biyu suka dawo, ana iya duba su. Idan rabin garke ne, ragon za a tuhuma. Nan ne nake ganin ake yawan zaluntar tumaki: a ce wance juya ce, wance ta tsufa, a fitar da su, alhali rago ɗaya ne ke kan tumaki 30 zuwa 50, kuma tangarɗarsa ta kowa ce. Wanda bai lura da dawowar ba sai ya jira, tunda cikin tunkiya kwana 147 ne ko kusa da haka, ya ga haihuwa ta zo a warwatse, 'ya'ya kaɗan, bayan wata biyar ko shida. A lokacin wa zai tuna da wani mako na zafi? (Ita ma tunkiyar zafi yana taɓa ta, musamman a kwanakin farko na ciki, amma wannan wani zance ne.)

Ba rana kaɗai ke jawo haka ba. Duk abin da ya ɗumama maraina sakamakonsa ɗaya. Zazzaɓi na kwana biyu ko uku, daga ciwon huhu ko ruɓewar kofato, yana iya dakatar da rago wata biyu. Ragon da aka cika wa ƙiba kitse yakan taru a wuyan jakarsa ya toshe hanyar sanyayar nan. Ƙazuwa tana kaurara fatar jakar. Ulu mai yawa a wurin, kamar yadda ake gani a wasu tumaki 'yan nau'in Merino, shi ma yana riƙe zafi, kuma gaba ɗaya tumaki masu gashi sun fi masu ulu jure zafi. Doguwar tafiya a mota da rana, ko a yi ta korar rago ana kokawar kama shi da azahar, duk suna cikin lissafi. Sabon ragon da aka sayo da tsada aka yi nisa da shi, aka sake shi cikin tumaki washegari, sau da yawa a nan labarinsa yake ɓaci.

Akwai wani abu da ake rikita shi da wannan. A ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, wato layin ikwaita, irin su Ingila, tumaki da yawa suna bin tsawon yini ne: idan yini ya yi tsawo marainan rago su ɗan ƙanƙance, sha'awa ta ragu, idan dare ya fara tsawo su dawo. Wannan aikin haske ne, ko an yi zafi ko ba a yi ba. Kusa da tsakiyar duniya, inda yini da dare ba su da wani bambanci mai yawa, tumaki suna barbara kusan duk shekara, sai zafi da ƙarancin abinci su zama manyan masu hana ruwa gudu.

Kariya ba ta da wuya, lokacinta ne ake kuskurewa. Ba a fafe gora ranar tafiya: kula da rago tana farawa wata biyu kafin a haɗa shi da tumaki. Inuwa mai iska ta ko'ina ta fi ɗaki a rufe, ruwa mai sanyi kada ya yanke, kamu da tafiya a bar su sai safiya ko yamma. Mai ulu a aske shi mako shida zuwa takwas kafin barbara, har da na jakar, amma kada a yi masa ƙwal a sake shi cikin rana, domin ɗan ulun da ya rage yana tare masa ƙuna. Idan dole barbara ta faɗo cikin zafi, a tsare rago a inuwa da rana, a sake shi da dare. Masu shafa wa rago launi a ƙirji don ya bar shaida a bayan duk tunkiyar da ya hau, su canja launin duk bayan mako biyu, suna gane tumakin da aka sake hawa tun da wuri.

Ragon da gwaji ya nuna irinsa ya lalace bayan zafi ko zazzaɓi, kada a yi gaggawar rabuwa da shi, a sake gwada shi bayan wata biyu. Amma a sa hannu a lalluba marainan tukuna. Na lafiya sumul suke, girmansu ɗaya, da ɗan tauri, suna zamewa cikin jaka. Zafi yakan sa su yi laushi na ɗan lokaci. Idan kuwa aka ji ƙullutu, ko kumburi mai tauri a ƙasan ɗaya, ko ɗaya ya shanye, wannan ba aikin bazara ba ne. Yana iya zama kumburin bututun maniyyi da ƙwayar cutar Brucella ovis ke jawowa, wadda take bi daga rago zuwa rago, kuma jiran wata biyu ba ya warkar da ita. A ware shi, a kira likita.