Idan alƙalin wasa ya yi kuskure, ana sake wasan?

Duk ranar da aka tashi wasa a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ko filin Pantami a Gombe, kuma aka ba da fenaretin da bai gamsar da 'yan kallo ba, za ka ji ana cewa a kai ƙara, dole a sake wasan. Haushin yana da dalili. Ƙwallon ƙafa wasa ne da ba a cika zura ƙwallaye da yawa ba, kuma kusan uku cikin kowane fenareti huɗu suna shiga raga. Busa ɗaya ta kuskure tana iya raba Wikki Tourists ko Gombe United da maki uku. Sai dai doka ba ta tafiya yadda masu ƙarar suke zato.

Doka ta 5 cikin dokoki 17 na hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta ce hukuncin alƙalin wasa kan abin da ya faru a fili, har da shigar ƙwallo da sakamakon wasa, shi ne na ƙarshe. Yana da damar janye hukuncinsa idan ya gane ya yi kuskure ko mataimakinsa mai tuta ya ankarar da shi, amma da sharaɗi: kafin a ci gaba da wasa. Da zarar an take leda, ko ya busa tafiya hutun rabin lokaci ko tashi ya bar fili, bakin alƙalami ya bushe. Shi ya sa 'yan wasa masu wayo suke gaggauta buga bugun tazara idan hukunci ya yi musu daɗi.

Na'urar VAR mai taimaka wa alƙali da bidiyo ma ba ta rushe wannan ƙa'ida ba. Da aka shigar da ita cikin dokoki a 2018, abubuwa huɗu aka ba ta: ƙwallon da ta shiga raga, fenareti, jan kati na kai tsaye, da ba wani kati a madadin mai laifin. Kuma sai kuskuren ya fito ƙarara. A watan Satumba na 2023 Luis Díaz na Liverpool ya ci Tottenham, mai tuta ya ɗaga cewa ya yi satar gida. Masu VAR sun ga ƙwallon halal ce, amma suka ɗauka alƙali ya riga ya amince da ita, suka ce masa hukuncinsa daidai ne. Kafin su farga an ci gaba da wasa. Hukumar alƙalan Ingila ta amsa laifi, duk da haka nasarar Tottenham da ci 2-1 tana nan daram.

To yaushe ake sake wasa? A nan ne ya kamata shugabannin ƙungiyoyinmu su natsu, domin akwai bambanci tsakanin kuskuren ido da kuskuren doka. Idan alƙali bai ga hannu ba, kamar hannun Thierry Henry a wasan Faransa da Ireland a 2009, kuskuren ido ne, kuma FIFA ta ƙi sake wasan. Idan kuwa ya ga komai daidai amma ya zartar da abin da doka ba ta ce ba, ƙofa tana iya buɗewa. Haka ma idan an tabbatar an murɗe wasan. A Nuwamba 2016 Joseph Lamptey ɗan Ghana ya ba Afirka ta Kudu fenareti a kan Senegal, alhali ƙwallon gwiwar Kalidou Koulibaly ta buga. FIFA ta dakatar da shi har abada, aka sake wasan a 2017, Senegal ta ci 2-0 ta tafi gasar cin kofin duniya. Bincike kan murɗiya ne ya jawo haka, munin hukuncin kaɗai ba zai wadatar ba.

Saboda haka takardar koke da ta ce "alƙali ya zalunce mu" ba ta zuwa ko'ina. Wadda za a saurara ita ce mai nuna minti kaza, doka kaza ce aka karya, ga bidiyo, kuma an shigar da ita cikin wa'adin da dokokin gasar suka gindaya. Sau da yawa iyakar abin da za a samu shi ne a hukunta alƙalin, maki kuwa sun tafi. Jifa da ledar ruwa ko tare alƙali a ƙofar ɗakin canza kaya, wannan ƙungiyar gida ce ke biyan kuɗinsa: tara, rufe fili ga 'yan kallo, wani lokaci har da zaftare maki. Abin takaici ne ka ga magoya baya sun jawo wa ƙungiyarsu asara ta biyu a kan ta farko.

Ko an sake wasan ma ba tabbas. A 2005, a karawar farko cikin biyu da aka yi a gidanta, Uzbekistan tana cin Bahrain 1-0 ta samu fenareti ta zura, alƙali ya soke saboda ɗan wasanta ya shiga da'ira kafin bugu. Dokar lokacin ta ce a sake bugawa, shi kuwa ya ba Bahrain bugun tazara. Uzbekistan ta kai ƙara duk da ta yi nasara, FIFA ta soke wasan ɗungurungum. Da aka sake, aka tashi 1-1, karawa ta biyu 0-0, Bahrain ta wuce da ƙwallon da ta ci a waje.