Launin tsohon gilashin kyamara da na sabo: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Da gaske tsohon gilashi ya fi sabo kyawun launi?

A'a. Launinsa daban ne kawai.

To me ke kawo bambancin?

Shafen da ake yi wa gilashi, wato wani siririn rufi da ke rage hasken da yake mayarwa. Gilashin da ba a shafa masa komai ba, kowace fuskarsa tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya bugo ta. Hasken nan yana ta yawo a ciki, baƙi ya koma toka-toka, ja da kore su kwanta. A 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya samar da shafe mai hawa ɗaya, a 1971 kuma kamfanin Pentax ya fito da gilashin Takumar mai shafe hawa-hawa. Abin da kuke kira launin zamanin da, rabinsa dusashewar nan ce.

Hotunana suna fita rawaya-rawaya da gilashin Super-Takumar 50mm f/1.4. Ya lalace ne?

Kwantar da hankalinka, bai lalace ba. Gilashin yana da sinadarin toriyom, shi ke sa shi yin rawaya da tsufa. Sa shi ƙarƙashin fitilar UV (hasken ultraviolet, wanda ido ba ya gani) na wasu kwanaki, zai washe. Kada dai ka fasa shi ko ka kankare shi, domin ƙurar toriyom tana da haɗari ga lafiya.

Na gwada tsoho da sabo ban ga bambanci ba.

Ai ka bar kyamara tana daidaita fari da kanta (wato tana gyara launi don fari ya fito fari), ta share bambancin kafin ka gani. Sau nawa zan faɗa? Kulle saitin farin, ka kafe kyamarar wuri ɗaya, haske ɗaya, buɗin ƙofar haske f/8 a duka biyun, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba.

Zan iya haɗa tsoho da sabo a aiki ɗaya ba tare da an gane ba?

Ya danganta, kuma a nan ne nake so ka saurara. In matsalar rinjayen launi ce, wato ɗaya ya karkata rawaya ɗaya shuɗi, da sauƙi. Ɗauki kati mai launin toka da kowanne, a hasken da za ka yi aikin, ka daidaita a kwamfuta. Galibi wannan ya isa.

Amma da zarar rana ko fitila ta shigo ta gaba, lissafi ya canza. Tsohon gilashi irin Helios-44 yana wanke hoton, kuma ba daidai yake wanke shi ko'ina ba: gefen da hasken ya shigo ya fi dusashewa, ka ɗan juya kyamarar kuma ya sauya. Gyara ɗaya ba zai rufe wannan ba. Sa masa hular tare haske, tana taimakawa sosai, ko da yake ba ta kawar da komai. Fatar mutum ita ce ta fi tona asiri, musamman a bidiyo inda ake yankawa daga wannan zuwa wancan a kan fuska ɗaya. Ni dai na fi son a dusashe sabon ya bi tsohon, domin dawo da baƙin da ya riga ya wanke yakan fito da datti a inuwa. In aikin na wani ne kuma ba ka da lokacin gwaji, raba su: tsoho ya ɗauki wani sashe, sabo ya ɗauki wani.

Akwai hazo a cikin nawa, shi ma yana ƙara masa armashi?

Wannan datti ne ko fumfuna. Kai shi a buɗe a goge, kuma kafin nan ka raba shi da sauran gilasanka.