Man sanyaya firosesa

Man sanyaya firosesa, wanda masu gyaran kwamfuta suke kira fes, wani abu ne mai kauri kamar kwaɓaɓɓen lalle da ake shafawa tsakanin firosesa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ƙarfen da ke zuƙe zafinta, wato hitsink. Yawanci ruwan toka ne ko fari, kuma ana sayar da shi a cikin ƙaramin sirinji ko ɗan gwangwani. Duk da sunan da aka ba shi, shi kansa ba ya sanyaya komai. Hanya kawai yake shimfiɗa wa zafi, ya bi ya fita daga firosesa ya shiga hitsink, fanka kuma ta kore shi waje.

Dalilin amfani da shi

Murfin firosesa da ƙasan hitsink sumul suke a ido, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma cike suke da ramuka da tudu. Idan aka haɗa su haka nan, a wurare kaɗan ne ƙarfe zai taɓa ƙarfe, sauran kuwa iska ce za ta maƙale. Ita kuwa iska ba ta ɗaukar zafi sosai. Ana auna yadda abu yake ɗaukar zafi da ma'aunin W/mK: jan ƙarfe yana kusan 400, alminiyam ya haura 200, iska kuma 0.026 kacal. Man sanyaya na yau da kullum yana tsakanin 1 da 13 bisa abin da masu yin sa suke rubutawa. Ke nan ya ninka iska sau gommai zuwa ɗaruruwa, amma ko kusa bai kama ƙafar ƙarfe ba. Shi ya sa ake son ya cike ramukan ne kawai, kada ya zama katanga tsakanin ƙarafan biyu.

Idan zafi ya rasa hanyar fita, firosesa tana rage gudu da kanta don kada ta lalace. Yawancin na Intel suna yin haka a wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, jerin Ryzen 7000 na AMD kuma a digiri 95. Mai kwamfuta sai ya ji fanka tana ta kuka, aiki ya yi nauyi, wani lokaci ma na'urar ta mutu ana tsakiyar aiki.

Ire-irensa

Kusan duk man sanyaya haɗi ne na abu biyu: ruwan mai, galibi na silikon, da gari mai laushi ƙwarai wanda shi ne yake ɗaukar zafin. Garin ne yake bambanta su.

Mafi yawa a kasuwa shi ne mai garin okzayid na zinki ko na alminiyam, wani lokaci a haɗa da garin kabon ko na daiman. Ba ya ɗaukar wutar lantarki, don haka ko ya malalo ya taɓa madabod, wato babban allon da aka dasa firosesa a kai, babu abin da zai faru. Arctic MX-4 da MX-6, da Noctua NT-H1 da NT-H2, da Thermal Grizzly Kryonaut duk a wannan sahu suke, haka ma farin mai mai arha da ake zubawa a gwangwani.

Akwai mai garin azurfa, wanda Arctic Silver 5 ya fi shahara a cikinsa. Ya yi tashe a shekarun 2000. Kamfanin da kansa yana gargaɗin kada a bari ya taɓa ƙafafun firosesa ko layukan madabod, kuma yana cewa sai ya yi aikin sa'o'i har 200 kafin ya zauna sosai. A yau waɗanda ba su da wannan matsala sun cim masa.

Sai faifai masu narkewa, irin PTM7950 na kamfanin Honeywell. Siriri ne kamar takarda, yana da tauri a sanyi, idan ya kai wajen digiri 45 sai ya yi laushi ya bi ramuka, in ya huce ya sake daskarewa. Kada a rikita shi da katifar zafi mai kauri, mai rabin milimita zuwa milimita 3, wadda ake sa wa ƙananan kayan da ke gefen firosesa ko na katin hoto. Ita katifa gibi take cikewa, kuma mai ba zai iya maye gurbinta ba. Wanda ya ɓare ta ya shafa mai a wurin, ya bar waɗannan kayan ba su taɓa hitsink ba sam.

Lambar da ke jikin kwali

Mai saye yakan duba lambar W/mK ya ɗauki wadda ta fi girma. Ƙaramin lissafi yana nuna iyakar amfanin hakan. A ɗauka firosesar tebur tana fitar da zafin wat 100 ta murfi mai faɗin santimita 3 da tsawon santimita 3, kaurin man kuma milimita 0.05. Idan man mai lamba 5 ne, zafin da ake asara a cikinsa bai wuce digiri 1.1 ba. Idan aka sa mai lamba 10, ya koma kamar rabin digiri. An ninka lamba, an samu rangwamen rabin digiri. Amma a bar mai lamba 5 ɗin, a labta shi har kaurinsa ya kai rabin milimita, asarar ta tashi zuwa digiri 11. Wato hannun mai shafawa da ƙarfin ɗaurin noti sun fi lambar tasiri nesa ba kusa ba.

Ga kuma matsalar cewa kamfanoni ba hanya ɗaya suke bi wajen awon ba, don haka lambar wannan ba ta gwaduwa da ta wancan. Noctua na ƙasar Ostiriya ba ya buga lambar a kan kayansa. Arctic ya rubuta 8.5 a kan MX-4, amma ya daina rubutawa a kan waɗanda suka biyo baya, yana mai cewa ana kumbura lambobin a kasuwa. Tsakanin sanannun iri masu kyau, bambancin da ake gani a gwaji 'yan digirori ne. Babban gibi yana tsakanin mai kyau da busasshe, ko jabu. Sanannun iri suna da jabunsu, kuma sirinjin da aka sayar a kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin da aka san shi da shi abin tuhuma ne.

Daɗewa

Nan ne zaɓi yake da ma'ana. Duk sanda firosesa ta yi zafi, ita da hitsink suna buɗewa kaɗan, in sun huce su tsuke, kuma ba daidai suke buɗewar ba. Wannan motsi na kullum yana tura man zuwa gefe sannu a hankali har tsakiya ta zama wayam. Abin ya fi tsanani a laftof da katin hoto, domin su ba su da murfi: hitsink a kan gilashin silikon ɗin, wato ainihin jikin firosesar, yake zaune kai tsaye, wuri ne ƙarami mai santsi, zafinsa kuma yana hawa da sauka da sauri. Mai ruwa-ruwa yana iya ba da sakamako mai daɗi a ranar da aka shafa shi, bayan 'yan watanni zafi ya dawo. Don haka laftof ta fi dacewa da mai kauri ko faifai mai narkewa, wanda ba ya guduwa da sauƙi. Firosesar tebur mai murfi kuwa kusan kowane iri mai kyau ya ishe ta. Noctua yana cewa NT-H1 zai yi har shekara 5 a kan firosesa, Arctic kuma yana cewa MX-4 zai yi 8.

Wannan batu ya shafi masu kwamfuta a ƙasar Hausa kai tsaye, saboda da yawa daga laftof ɗin da ke hannun mutane na hannu ne, sun riga sun yi shekaru a wata ƙasa. In aka buɗe irinsu, sau da yawa man ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, yana ɓarewa da farce. A watannin Maris zuwa Mayu kuma zafi yakan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Yamai, kuma hitsink ba zai taɓa yin sanyi fiye da iskar ɗakin da yake ciki ba. Sai dai kafin a ɗora laifi a kan man a duba ƙura. Ƙurar hunturu takan haɗu da zaren tufafi ta yi tabarma a bakin haƙoran hitsink, ta toshe iska gaba ɗaya. Canza mai ba tare da cire wannan ba ɓarnar kuɗi ce.

Narkakken ƙarfe

Wannan aji ne daban. Haɗi ne na galiyam da indiyam da kuza, yana nan a narke kamar zaiba. Galiyam zalla ma a digiri 30 yake narkewa, a tafin hannu ke nan. Thermal Grizzly yana rubuta lambar W/mK 73 a kan nasa mai suna Conductonaut, kuma a kan gilashin silikon kai tsaye ana ganin bambanci na gaske. Sony ya sa shi a cikin PlayStation 5 da ta fito a 2020, bayan ya yi masa shinge don kada ya zuba. Narkakken ƙarfe ya yi suna ne tun lokacin da Intel ya koma sa man sanyaya a ƙarƙashin murfin firosesocinsa maimakon dalma, daga jerin Ivy Bridge a 2012. Masu son ƙure gudu suka riƙa ɓalle murfin suna zuba narkakken ƙarfe, har Intel ya dawo da dalma a manyan firosesocinsa irin Core i9-9900K a 2018.

Haɗarinsa biyu ne. Yana ɗaukar wutar lantarki, ɗigo guda a kan madabod ya isa ya ƙona ta. Sannan galiyam yana cin alminiyam, ya ratsa shi har ya riƙa ruɓewa, don haka sai a kan jan ƙarfe ko wanda aka rufe da nikel ake sa shi. Laftof da ake yawo da ita a jaka a kan babur ba wurinsa ba ne, sai in masana'anta ce ta sa shi da shingensa.

Yadda ake shafawa

A fara goge tsohon da sifirit na isofurofil mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye, da ƙyalle marar zare, a bari ya bushe. Sabon hitsink yakan zo da mai a jikinsa, ba a ƙara masa wani. Wasu kuma suna zuwa da siririyar leda a ƙasa, wadda ake yawan mantawa ba a ɓare ba.

A firosesar tebur mai murabba'i, ɗigo kamar ƙwayar wake a tsakiya ya wadatar, nauyin ɗauri zai baje shi. Doguwa irin ta soket, wato mazaunin firosesa, LGA1700 ta fi son a ja layi, ƙatuwa irin Threadripper kuma ɗigo da yawa. A laftof ana bajewa ne da ɗan kati har ya rufe gilashin duka, domin kusurwar da ta rasa mai ita ce za ta ɗau zafi. Ana ɗaure notuna kaɗan-kaɗan a gicciye, ko bisa lambobin da aka buga a jikin hitsink. In aka ɗaga hitsink bayan an ɗora, iska ta shiga, sai a goge a sake. Faifai mai narkewa yana da wuyar ɓarewa a shago mai zafi, shi ya sa ake fara sa shi a firji na ɗan lokaci.

Man goge baki da wasu suke sawa a matsayin dabara ruwa ne a cikinsa, cikin 'yan kwanaki zai bushe.

Wajen cirewa, tsohon mai yakan riƙe hitsink kamar gam. A firosesocin AMD masu ƙafafu na soket AM4, fizgar hitsink tana iya tumɓuko firosesar daga mazauninta ta lanƙwasa ƙafafun. Sai a kunna kwamfutar na 'yan mintuna ta yi ɗumi, a kashe, a cire wuta, a murza hitsink ɗin hagu da dama a hankali har ya saki.